Harshen da ba shi da sifa: nazari a kan nahawun Klingon daga Damargu

A 1985 Marc Okrand, masanin harshe ɗan Amurka, ya buga The Klingon Dictionary, nahawun harshen da ya ƙaga don finafinan Star Trek. Manufarsa ita ce harshen ya yi nesa da na ƴan Adam. Za mu duba abubuwa biyu da ya dogara a kansu.

Na farko, tsarin jimla. Klingon yana fara da karɓau, sai aikatau, sai aikau: Duj legh HoD, "jirgi gani kyaftin", wato kyaftin ya ga jirgi. A nan Okrand ya yi gaskiya: tsarin ba shi da yawa, ko da yake Desmond Derbyshire ya nuna shi a Hixkaryana na Barazil a 1977. A kasuwar Tanut muna jin Hausa (aikau, aikatau, karɓau), Barbarci mai ajiye aikatau a ƙarshe, da Buzanci mai fara jimla da shi. Na Klingon ba ya cikinsu.

Na biyu, sifa. Klingon ba shi da ajin sifa. Aikatau ne ke ɗauke da ma'anar. tIn Duj na nufin jirgin babba ne, Duj tIn kuwa babban jirgi. A nan ne muke ganin baƙuntar ta rushe. Buzancin Belbeji ma da aikatau yake siffanta abubuwa. Hausa kuwa sifofinta na asali kaɗan ne (babba, ƙarami, sabo, fari), kamar yadda Dixon ya lura a 1977. Saura da suna muke yi: rijiya mai zurfi, rijiyar tana da zurfi. Parsons ya yi nazarin irin waɗannan sunaye tun 1955. Abin da mai jin Ingilishi ya ɗauka baƙo, a Damargu maganar kullum ce.

Sukar tamu ba ta tsaya kan Okrand ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma mu kanmu, in muka zo nahawu, mizanin adjectif qualificatif na Faransanci muke ɗauka. Ɗalibin da aka ce ya ja layi ƙarƙashin sifa a "mai zurfi" me zai ja? Muna ba da shawara a fara da ma'anar siffantawa, sannan a nuna hanyar da kowane harshe ke bi wajen bayyana ta.