Jinjina Ga Masu Tantance Kan Sarkin Naɗi

A 1908 hukumar gidan waya ta Amurka ta fara fitar da kan sarki a naɗe, gefe biyu da haƙora, gefe biyu a miƙe. Nan 'yan damfara suka samu ƙofa: a datse haƙoran kan sarki mai araha, ko a huda marar huji, a sayar da tsada a matsayin na naɗi.

Masu tantancewa, irin na Philatelic Foundation da aka kafa a 1945, sun cancanci yabo. Mutum ya duƙufa da gilashin ƙara girma, yana auna faɗi, yana leƙa kowane huji: na asali yakan bar ɗan gashin takarda, na jabu kuwa sumul. Wannan haƙuri yana burge ni ƙwarai. Ba don shaidarsu ba, da masu tarawa sun sha asara.