Bazday ba sai da bashi ba

Ranar wata Alhamis 'yata ta dawo daga makaranta riƙe da wata 'yar leda mai ƙyalli, tun daga soro take ƙwala min kira. Ta zazzage ta a kan tabarma: lemon kwali, biskit biyu, alawa mai tsinke, fensir, da kofin roba da aka buga hoton 'yar ajinsu a jiki. Tana jera su ɗaya bayan ɗaya ta ɗago ta ce, "Umma, ni ma idan nawa ya zo irin wannan za ki yi min ko?" Su talatin da huɗu ne a ajin. Kafin in buɗe baki na gama lissafi a zuci, lissafin kuwa bai fita ba.

Mu dai ba mu taso da bazday ba. Kakata ko an tambaye ta shekarun babana, cewa take yi ai yana goye Sarauniyar Ingila ta zo Kano, sai mu 'yan boko mu ce 1956 ke nan. Amma yaro yana da ranakunsa: ga suna, ga yaye, ga sabon ɗinkin Sallah, ga saukar karatu da ake yi wa allo zayyana a tara dangi. Na kuma san akwai malaman da suke ganin bikin zagayowar ranar haihuwa kwaikwayo ne da bai dace ba, akwai waɗanda suke ganin al'ada ce kawai muddin ba a shigar da saɓo ba. Ba fatawa na zo bayarwa ba, gidan da ba sa yi kuma ban ga laifinsu ba. Maganata da mu ce da muke yi, musamman mu iyaye mata, don mu ne muka mayar da abin gasa.

Dubi yadda ya koma cikin 'yan shekarun nan. Sai an kira mai dekoreshan ta yi rumfar balan-balan, an yi odar kek hawa biyu ko uku, an je situdiyo da kaya kala uku, har da mai kwalliya ga yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta famfare ba. Na je na wani yaro ɗan shekara ɗaya a wurin taron da aka kama haya. Tunda aka kunna sauti yake tsala kuka, ya ƙi yarda da hular da aka sa masa, ƙarshe a bayan yarinyar da ke rainonsa ya yi barci. An yanka kek yana goye bai sani ba. Manya aka yi ta hoto, kowa ya ɗora a sitatus. Shi kuwa sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. Uwar yaron 'yar'uwata ce, na san kwasar adashinta ta zuba a ciki har ta ƙara da rance, ta shafe watanni tana biya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mace ce mai neman na kanta, ba ta saba cin bashi ba.

A wane lokaci ma ake wannan? Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, a Yulin shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Fulawa, sukari, bota da ƙwai, wato duk abin da ake haɗa kek da shi, babu wanda tsadar ta ƙyale. Magidancin da albashinsa bai wuce haka da yawa ba, ina zai samo leda talatin da huɗu?

Da bazday ɗin 'yata ya zo, ta cika bakwai, sai na zaunar da ita na tambaye ta su wa take so su zo. Ta lissafa min yara goma sha ɗaya, duk 'yan layinmu da 'ya'yan yayata. Na sa lokaci daga bayan La'asar zuwa kafin Magariba. Wannan kaɗai ya rage rabin kashe kuɗi, domin kowa ya ci abincin rana a gidansu, babu zancen ɗora tukunyar shinkafa da kaji.

Kek kuwa irin na da muka yi, na gwangwani. Tun sati biyu kafin ranar nake tara gwangwanayen madara, na yanke bakinsu na daddanne kaifin da bayan cokali. Na wanke yashi ya bushe, na shimfiɗa shi a gindin tsohuwar tukunya mai kauri, na ɗora a kurfoti ya ɗau zafi. Ita na ba wa aikin shafa bota a cikin gwangwanayen, tana yi tana lashe yatsa. Ƙullun rabin gwangwani ake zubawa, don idan aka cika zai taso ya zube. Aka jera su a kan yashin, aka rufe, aka ɗora 'yan garwashi a kan murfin don sama ya gasu. Ta durƙusa a gefe ta ƙi motsawa, bini-bini sai ta ce, "Umma, ya yi?" Da ƙamshi ya cika tsakar gida na ba ta tsinke ta soka a guda ɗaya, ya fito fes babu ƙullu. Yadda ta daka tsalle a wurin, ban taɓa ganin ta yi wa kek ɗin shago haka ba. Kowane yaro ya sami nasa guda cur, babu rigimar an ba wane babban yanka.

Sauran ba su da wahala. Zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, aka ƙuƙƙulla a leda aka kai firjin maƙota ya yi ƙanƙara. Gugguru kwano guda, tuwon madara da ƙanwar maigidana ta tuƙa, da kankana ɗaya daga 'Yan Lemo da aka yayyanka a faranti. Biskit kuma mun haɗa kuɗi da maƙociyata aka sayo katan a kasuwar Singer muka raba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa. Ado kuwa zanen gado mai fure muka rataya a bango, da balan-balan fakiti ɗaya da yaran suka hura da kansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasan. Na ɗauki gawayi na zana 'yar gala-gala a siminti, sai na tarar rabin yaran ba su iya ba. 'Ya'yan Hausawa, a tsakiyar Kano! Na tattare zanena na nuna musu. Daga nan aka shiga carafke, maza suka koma soro suna langa, ƙanwar maigidan ta zauna da kwanon lalle tana yi wa 'yan matan ɗan zane a tafin hannu. Can Hajiya, surukata, ta fito da kujerarta 'yar tsugunne. Na ce, "Hajiya, ko za ki ɗan yi musu tatsuniya?" Ta ce, "Da rana tsaka, 'yar nan?" Amma ta yi, ta Gizo da Ƙoƙi, yaran da ba a raba su da waya suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Da ta gama ta dafa kan jikarta ta yi mata addu'a, kowa ya shafa. Ko wanda gidansa babu fili yana da mafita: a kwashi yara huɗu ko biyar a kai su Gidan Zoo na Audu Bako ko Gidan Makama, da zoɓonsu a jaka.

Ba ina so in kashe wa masu kek da masu dekoreshan kasuwa ba ne. Na san matan da da wannan sana'ar suke riƙe da marayu, wanda Allah Ya hore wa kuma ya saya a wurinsu, ko ƙaramin kek ne. Inda na tsaya kai da fata shi ne aji. Rabon leda a makaranta ba kyauta ba ce kawai, ya zama ma'aunin da yara suke auna gidajen juna da shi. Akwai yarinyar da ranarta za ta zo ta wuce shiru, tana kallon 'yan ajin da ta ci nasu, tana jin kunyar abin da ba laifinta ba. 'Yata ta gaya min akwai wadda ba ta zuwa makaranta ma a ranar tata. Na tayar da maganar a taron iyaye da malamai, na ce ko dai a hana gaba ɗaya, ko a ware rana ɗaya a zango a haɗa duk waɗanda aka haifa a watannin, a yi musu addu'a, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa ba tare da an buga sunan kowa a jikin kofi ba. Wasu iyayen sun gyaɗa kai, wasu sun ɓata fuska, makarantar ta ce za ta duba. Zango mai zuwa zan sake tayarwa.

Gwangwanayen suna nan na wanke na kife su a saman kwaba. Ƙaninta zai cika biyar bayan Babbar Sallah, ta riga ta gaya masa ita ce mai shafa bota, shi kuma a ba shi tsinke.