Daga Kwaltar Abakpa Zuwa Ɗakin Ƙanƙara

Ranar Lahadi da sassafe, kafin motoci su cika titin Ali Akilu a Kaduna, akwai samarin da ke fitowa daga lungunan Abakpa da Unguwar Shanu sanye da takalmin taya. Ɗan ƙanwata yana cikinsu. Takalminsa na gwanjo ne, daga Kasuwar Barci, kuma na daɗe ina yi wa abin kallon shiririta, musamman idan na ga wasunsu sun maƙale a bayan Keke Napep ana jan su. Wannan maƙalewar har gobe ban yarda da ita ba. Amma ra'ayina game da wasan kansa ya sauya ranar da yaron ya raka ni Dubai sarin kaya, ya ja ni wani ɗakin ƙanƙara da ke cikin wani katafaren kanti.

Shi kansa ɗakin abin kallo ne. A ƙarƙashin daɓen an shimfiɗa bututai masu ɗauke da ruwan sanyaya, kamar bayan firji, ana feshin ruwa a kai kaɗan-kaɗan har ya daskare. Kaurin ƙanƙarar bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, sanyinta kuwa wajen digiri 5 ƙasa da sifili. A Landan aka fara yin irin wannan da inji, a 1876. Motar nan da ke zagayawa tana aske saman ƙanƙarar tana malala ruwan ɗumi don ya yi sumul, wani Ba'amurke ne mai suna Frank Zamboni ya ƙera ta a 1949, kuma da sunansa ake kiran ta har yau.

Ni gaggawar shiga nake yi. Yaron kuwa ya zauna a benci kamar mai shirin alwala.

Ya fara da safa: guda ɗaya, marar kauri, mai tsawo. Na ce ai sanyi ake yi, bari in ninka biyu. Ya ce, "A'a Kawu, ƙafarka za ta riƙa yawo a ciki." Ya sa aka canja mini takalmin haya sau biyu, don wanda na zaɓa ya yi mini yalwa irin ta takalmin zuwa Juma'a. Sannan ya durƙusa ya buga diddigen takalmin a ƙasa har dunduniyata ta zauna daram, ya kama igiya. Wajen yatsu ya ja ta sama-sama, yadda zan iya motsa su. Da ya iso lanƙwasar idon sawu sai ya ɗaure tamau, har na ji kamar an sa mini mari. A ƙugiyoyin sama ya sassauta, ya zura yatsunsa biyu tsakanin harshen takalmin da ƙwaurina ya gwada. Dalilinsa shi ne, idon sawu ba a so ya karkata gefe, amma dole gwiwa ta samu damar lanƙwasawa gaba. Ragowar igiyar ma bai yarda na naɗe ta a ƙafa ba. Duk wannan a kwaltar Kaduna ya koye shi, domin takalmin taya ma haka yake so.

Sai ya juya takalmin ya nuna mini ƙarfen. Na ɗauka kaifi ɗaya ne kamar wuƙa. Ashe faɗinsa wajen milimita 4 ne, an ƙwaƙule tsakiyarsa, ya zama yana da baki biyu, na ciki da na waje. Da waɗannan bakunan ake cizon ƙanƙara, a tura, a yi kwana. Shi ya sa ba a taka siminti da shi, sai tabarmar roba da aka shimfiɗa. A gaban ƙarfen akwai wasu haƙora na masu tsalle, kuma su ne ke kifar da baƙo da fuska idan ya ce zai tura da yatsu kamar mai tafiya a ƙasa.

Tufafi ba su da wuya: dogon wando, riga a kan riga yadda za ka cire ɗaya idan gumi ya keto, hular kwano ga yara da sababbin shiga. Babbar riga dai a bar ta a masauki. Safar hannu kuwa ba don sanyi kaɗai ba ce, mutanen da ke wucewa kusa da kai ƙarfe ne mai kaifi a ƙafarsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne kafin ya koya mini tafiya, faɗuwa ya koya mini, a nan kan tabarmar roba, mutane na kallo. Ka ji za ka tafi, ka rage tsawo, ka saki jiki ta gefe, haɓa a ƙirji, ka dunƙule yatsu. Kada ka tokare da tafin hannu, a nan tsintsiyar hannu ke karyewa. Tashi kuma sai ka yi rarrafe, ka kafa ƙafa ɗaya tsakanin hannayenka, ka dafa gwiwa ka miƙe. Tabon da ke gwiwar hannunsa ya ishe ni shaida cewa ba a littafi ya karanta ba.

Dangantakar taya da ƙanƙara tsohuwa ce. Takalmin taya na Rollerblade, wasu 'yan'uwa masu wasan hokin ƙanƙara a jihar Minnesota ne suka fito da shi wajen 1980 don su riƙa atisaye lokacin da ƙanƙara ta narke. Erin Jackson, baƙar fata daga Florida, a kan taya ta tashi. Ta samu gurbin gasar Olamfik ta hunturu ta 2018 bayan wata huɗu kacal tana horo a kan ƙanƙara, ta kuma ci zinare a tseren mita 500 a Beijin a 2022. A Afirka ma akwai ɗakin ƙanƙara, kamar na otal ɗin Panari da aka buɗe a Nairobi a 2005.

Da muka shiga, kowa na zagayawa ta hannun hagu, kamar ɗawafi. Na rungume ƙarfen bango. Yaron kuwa minti biyar ya yi yana taku ƙanana, gwiwa a lanƙwashe, ido a gaba, sai ga shi yana sulalawa. Wuri ɗaya kwalta ta yaudare shi. Da ya zo tsayawa sai ya ɗaga yatsun ƙafa yana neman birkin roba da ke bayan takalminsa na gida, alhali na ƙanƙara ba shi da birki. Ya zube ta gefe, yatsu a dunƙule, ya tashi yana dariya. Ya tsaya yana kallon wata yarinya da ba ta fi shekara bakwai ba, yadda take karkato yatsunta ciki tana tura ƙarfen waje yana kankare ƙanƙara har ta tsaya cak. Ya gwada sau uku, a na huɗu ya zo ya tsaya a gabana, garin ƙanƙara ya fallatso mini a wando.

"Kawu, saki bangon nan mana."

Na ce masa sai an sake zagayowa.