Jinjina ga Zumuntar Mata

Da damina ake gane ƙarfin Zumuntar Mata. Gona na kira, ciyawa ba ta jiran kowa, ga girki ga yara, amma da yammacin ranar taro sai ka ga mata sun ajiye fartanya, sun ɗaura zanen zumunta sun nufi majami'a. Haka abin yake a ikilisiyar ECWA, haka a COCIN, haka a EYN, wadda tushenta ke Garkida tun 1923.

Aikin da ya fi burge ni shi ne waƙa. Su ke tsara ta, su ɗauko aya daga Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, su ɗora ta kan kiɗan tulu da kacau-kacau. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan haddace labarin Ayuba ta wannan hanya, har ta koya wa jikoki.

Ga kuma gaisuwar mara lafiya, da kai hatsi gidan gwauruwa lokacin kaka. Ba albashi, kuma ba kasafai ake kiran sunansu daga bagadi ba. Ko bayan 2014, da rikicin Boko Haram ya tarwatsa ikilisiyoyin EYN, matan sun ci gaba da haɗuwa a sansanonin gudun hijira.