Mustafa Alasan da Kwaɗinsa

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin kwaɗo ya zama shugaban ƙasa? Mustafa Alasan ya nuna shi cikin silima a 1966. Sunan fim ɗin Bon Voyage Sim, wato "Sauka lafiya, Sim".

An haifi Mustafa a 1942. Da farko makanike ne. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya ƙaro ilmi a Kanada, daga baya ya zauna nan Tawa. Ya rasu a Wagadugu a 2015.

Kwaɗin zane ne. Hoto bayan hoto yake zanawa, in an jera su da sauri sai su motsa. Shugaba Sim ya tafi ziyara wata ƙasa, ga soja, ga bushe-bushe, kowa na kumbura. Minti biyar ne kawai. Zanen ba shi da ado, motsin ma da tsalle-tsalle. Ni dai ban ga laifi ba, ai tafiyar kwaɗo ke nan. Abin da talaka ke tsoron faɗa gaban manya, kwaɗo ya faɗa, aka yi dariya.

Ka nemi Kokoa kuma, inda kwaɗi ke kokowa. Ba'adare zai gane filin nan take.