Mutuwa a Bakin Alƙalami: Darasi Daga Marsiyyoyin Nana Asma'u

Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa. To amma a yawancin ƙagaggun labaran da ke zuwa hannunmu, mutuwa ta koma tsintsiyar share hanya. Da zarar marubuci ya rasa yadda zai yi da kishiya ko saurayin da ya tare wa tauraro gaba, sai ya haɗa shi da haɗarin mota, a yi koke-koke shafi guda, a wayi gari ana shirin ɗaurin aure. Mai karatu ya rufe littafi bai ƙaru da komai ba.

Ya kamata mu waiwayi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864), wadda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Ta yi wa manya marsiyya, kamar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Amma wadda ta fi jan hankalinmu ita ce ta maƙwabciyarta Halima, mace wadda ba ta riƙe sarauta ba, ba ta ja runduna ba. Abin da Nana ta tuna game da ita shi ne kirki, da kyautata wa jama'a, da riƙon zumunci.

Nan hikimar take. Muddin mutum yana raye, ba mu cika lura da gaisuwarsa ta safe ko sallamarsa a ƙofar gida ba. Sai ranar da aka naɗe tabarmar zaman makoki muke gane cewa waɗannan ƙananan abubuwa su ne rayuwar. Wanda ya karanta irin wannan marsiyya zai tashi da niyyar leƙa maƙwabcinsa tun yau, domin gobe ta Allah ce.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa: kafin ku kashe mutum a labari, ku fara raya shi. Ku nuna mana yadda yake cin tuwo da 'ya'yansa, da bashin da bai biya ba, da gafarar da yake ta jinkirin nema. In ya mutu, mu ji rashinsa har cikin gidajenmu. In kuwa mutuwar tasa ba za ta sa mai karatu ya dubi kansa ba, ku bar bawan Allah ya rayu.