Ratar da ke tsakanin fork da exec: kariya ga wata tsohuwar al'adar rubuta manhaja

A shekarar 2019 wasu masana huɗu, Andrew Baumann da Jonathan Appavoo da Orran Krieger da Timothy Roscoe, suka gabatar da maƙala a taron HotOS, suna neman a sallami fork, kiran da masu rubuta manhaja a kan Unix suka shafe rabin ƙarni suna buɗe sabon aiki da shi. Hujjojinsu ba na wasa ba ne. Sun ce dabara ce ta wucin gadi da ta dace da ƙananan injinan da, ba ya jituwa da manhaja mai zaruruwa da yawa, yana da nauyi, kuma yana gadar wa ɗa duk abin da uwa ta mallaka ko da bai kamata ba. Suka ƙara da cewa a daina fara koya wa ɗalibai shi, a mayar da shi darasin tarihi. Wannan shawara ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina fork da abokinsa exec su ne darasi mafi kyau da muke da shi kan yadda ake tsara ƙofar da manhaja ke bi ta nemi hidima daga tsarin da take zaune a kansa.

Tarihin a taƙaice yake. Tun 1951 Wilkes da Wheeler da Gill na Cambridge suka wallafa littafi kan tara ƙananan ayyuka a rumbu guda don kowane shiri ya kira su. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs kan injin PDP-7, suka aro tunanin fork daga tsarin da aka gina a Berkeley, kuma Ritchie ya ba da labarin cewa layi 27 kacal ya ci a lokacin. A 1973 aka shigo da bututu bisa naci irin na Doug McIlroy, a wannan shekarar kuma aka sake rubuta tsarin da harshen C. POSIX ya zo a 1988 ya mayar da kiraye-kirayen ƙa'ida rubutacciya, Linus Torvalds ya bi sawu da Linux a 1991. Sauran labarin kowa ya sani.

Abin da ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne abin da ke faruwa idan mutum ya rubuta wa shel umarni kamar sort < sunaye > jeri. Shel ba ya cewa kanel, wato zuciyar tsarin, ta buɗe sort ta haɗa shi da waɗannan fayiloli. Da farko yana kiran fork, kira ɗaya mai dawowa sau biyu: uwa ta karɓi lambar ɗanta, ɗa ya karɓi sifili, idan kuma abu ya faskara uwa ta ga -1. A wannan lokaci ɗan kwafin shel ne sak, da lambarsa da teburin fayilolinsa, bai zama sort ba tukuna. Sai ya rufe lamba 0, wato mashigarsa, ya buɗe fayil ɗin sunaye. Ƙa'idar open ita ce ta ba da lamba mafi ƙanƙanta da babu kowa a kanta, don haka sunaye ya faɗa kan 0 ba tare da an roƙa ba. Haka zai yi wa lamba 1 da fayil ɗin jeri. Shel na zamani kan yi amfani da dup2 don ya faɗi lambar da yake so ƙarara, amma dabarar ɗaya ce. Bayan nan ne ɗan zai kira exec, wanda ke share shirin shel daga ma'adanarsa ya ɗora sort a gurbinsa, ya kuma bar teburin fayiloli yadda ya same shi.

Sakamakon shi ne sort bai san komai ba. Yana karatu daga 0, yana rubutu zuwa 1, ko allo ne a can, ko fayil, ko bututu, ko soket ɗin da Berkeley ta ƙara a 1983, shekaru bayan an rubuta shi. Duk hikimar tana cikin 'yar ratar nan da ke tsakanin kira na farko da na biyu, inda ɗa yake da cikakken iko a kan kansa, yana gudanar da lambar da marubucin shel ya rubuta, kafin ya miƙa wuya ga shirin da bai san shi ba.

Bututu ya fi nuna zurfin abin. Kiran pipe yana ba da lambobi biyu, bakin rubutu da bakin karatu. Shel ya yi fork sau biyu, kowane ɗa ya gaji bakunan biyu, ɗaya ya ɗora bakin rubutu kan 1, ɗayan ya ɗora bakin karatu kan 0. Daga nan sai aikin da sabon shiga ke mantawa da shi: kowa, har uwar, ya rufe bakin da ba ya buƙata. Dalili kuwa read ba ya dawo da sifili, alamar ƙarshen bayani, sai an rufe duk wani bakin rubutu da ke duniya. Idan uwa ta bar nata a buɗe, mai karatu zai zauna jiran baƙon da ba zai zo ba, shirin ya sandare ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan mai karatu ya tafi, kanel na aika wa mai rubutu siginar SIGPIPE ta kashe shi. Shi ya sa yes | head ke ƙarewa lafiya, alhali yes shiri ne da ba a koya masa tsayawa ba. Idan mai rubutu ya fi sauri, bututun ya cika, a Linux bait 65,536 ne ma'auninsa na asali, sai write ya dakata har a rage. Babu wanda ya rubuta lambar daidaita saurin shiri biyu, ƙa'idojin kira huɗu ko biyar ne suka haɗu suka haifar da ita. Ɗalibin da ya taɓa barin baki a buɗe ya ga shirinsa ya daskare, sannan ya gano dalili da strace, ya fahimci gadon albarkatu fiye da wanda ya haddace babi guda.

A kwatanta wannan da hanyar da masu suka suka fi so, wato kira guda da zai buɗe sabon shiri kai tsaye. CreateProcess na Windows yana karɓar sigogi goma, ɗaya daga cikinsu ma wani babban tsari ne mai cike da gurabe. Shi kuwa fork ba ya karɓar ko ɗaya. Ba tsautsayi ba ne. Wanda ya haɗe haihuwa da sauya shiri a kira guda, tilas ya hango duk abin da mai kira zai so ya gyara, ya tanadar masa gurbi. Kiran posix_spawn, da ake nuna mana a matsayin magaji, ya bi da matsalar ta hanyar ba ka jeri da za ka rubuta buɗe wannan, rufe wancan, kwafi wancan, don a aiwatar a madadinka. Wato an ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin harshe mai rauni don faɗin abin da C ke faɗa kai tsaye. Duk abin da jerin bai tanada ba, sai ka jira kwamitin POSIX. A ratar fork kuwa, duk kiran da aka ƙirƙiro daga baya yana aiki nan take: setrlimit don ɗaure ci, chroot da ya zo a 1979, seccomp da ya zo Linux a 2005. Thompson bai san da su ba a 1969, bai kuma buƙaci sani ba.

Ba na musun inda masu suka suka yi gaskiya. Idan manhaja mai zaruruwa da yawa ta kira fork, zaren da ya yi kiran kaɗai ke rayuwa a cikin ɗa, makullan da sauran suka riƙe kuma su kasance a kulle har abada, shi ya sa POSIX ya taƙaita abin da ya halatta a kira kafin exec a irin wannan hali. Rubutun da printf ya tara bai fitar ba yana iya fita sau biyu. Fayil na iya zurarewa zuwa shirin da bai kamata ya gan shi ba, abin da ya sa Linux ya ƙara tutar O_CLOEXEC a 2007. Python ma ya daina ɗaukar fork a matsayin zaɓin farko na multiprocessing a kan macOS tun sigar 3.8. Duk wannan haka yake, kuma mai babbar manhaja mai zaruruwa ya yi amfani da posix_spawn, ba zan ce masa uffan ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Zaruruwa ne suka zo daga baya suka tarar da fork, kuma rabin matsalolin da aka lissafa nasu ne.

Batun nauyi kuwa ban ba shi muhimmanci sosai ba. Tun da aka koma kwafin shafi sai lokacin da aka taɓa shi, abin da ya rage shi ne kwafin teburin shafuka, wanda ba ya damun kowa sai mai ma'adana jibgegiya. Kuma wannan kwafin da ake kuka da shi wasu sun mayar da shi jari. Redis na yin fork don ɗa ya rubuta hoton bayanai a faifai yayin da uwa ke ci gaba da hidima. PostgreSQL na haifar ɗa ga kowane mai haɗuwa da shi. Android na da wani aiki mai suna Zygote da ke ɗora kayan da kowace manhaja ke buƙata sau ɗaya, sannan ya yi fork duk lokacin da aka buɗe wata manhaja da ba ta riga ta tashi ba. Duk mai riƙe da irin wannan waya yana kiran abin da ake cewa ya tsufa sau da dama a yini.

Abin da nake karewa a nan ya wuce fork. Hanyoyi biyu ne na gina ƙofar da masu manhaja za su kira. Ta farko tana ba ka aikatau ƙanana, kowanne da alƙawari guda bayyananne, ta bar maka haɗa jimla. Ta biyu tana ba ka jimloli shiryayyu, ta ce cike gurbi. Ta biyun ta fi daɗi ranar farko, kuma ita ce ta mamaye ɗakunan karatun manhaja na yau, masu ɗaruruwan zaɓuɓɓuka da ke sauya suna daga siga zuwa siga. Ta farkon ita ce mutum ke iya riƙewa a ka gaba ɗaya, kuma abin da aka iya riƙewa a ka shi ake iya yi wa hukunci kafin a gwada. Ƙanƙantar alƙawari ce kuma ke sa a iya cika shi. Linux ya yi suna da dokar nan ta cewa gyaran kanel ba zai karya manhajar da ke aiki ba, kuma shel ɗin da aka rubuta bisa littafin Richard Stevens na 1992 har yau zai gudana da gyara kaɗan ko babu.

Saboda haka ina ganin masanan huɗu sun juya tsarin koyarwa. A fara ba ɗalibi open da read da write da close da pipe da fork da exec da wait, a ce ya rubuta shel mai iya tura bayani da haɗa bututu, ya karanta sashen kurakurai na kowane shafin man kafin ya kira komai. Bayan ya gama, a ba shi maƙalar 2019 ya karanta. A lokacin ne zai iya gane inda suka yi daidai, domin babu mai fahimtar jerin ayyukan posix_spawn sai wanda ya taɓa yin su da hannunsa a cikin ratar da aka ƙirƙiro jerin don ya maye gurbinta.